Da Karatu Ya Kuɓuce wa Mullo Nerya

A unguwarmu ta Yahudawa a Bukhara, idan mutum ya ce "Mullo" bai ƙara suna ba, kowa ya san Mullo Nerya yake nufi. Akwai sauran malaman addini da ake kira da wannan laƙabi, amma su sai an haɗa da sunansu. Asalinsa marini ne. Ya daɗe da barin rini, amma shuni bai taɓa fita daga gindin faratansa ba. A zamanin da gwamnatin Sobiyat ta hana koyar da addini, a ɗakin bayan marinarsa yake tara yara da la'asar. Sai ya shanya jiƙaƙƙun yadudduka a bakin ƙofa don kada mai wucewa ya leƙa, ya koya musu haruffan Ibraniyanci da addu'o'i cikin raɗa. An sha kiransa ofis ana yi masa tambayoyi, bai taɓa ambaton sunan yaro ko ɗaya ba.

Mishoel na cikin yaran nan. Ya girma ya zama malamin lissafi a makarantar gwamnati, dogo mai yawan shiru, wanda ba ya son a ga ɓacin ransa. Da waccan gwamnati ta rushe, aka bar unguwa ta buɗe makarantarta a fili, sai dattawa suka naɗa shi shugaba. Abin da ya fara yi shi ne ya je gidan Mullo, ya tsaya a tsakar gida ƙarƙashin kurangar inabi, ya roƙe shi ya karɓi ajin ƙanana.

Mullo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne shugaba? Kai da ka lashe zumar tas, ka bar mini harafin a wurin?"

Zancen ranar farko yake yi, ranar da ake ɗiga zuma a kan haruffa yaro ya lasa, don karatu ya yi masa zaƙi. Mishoel ya yi dariya, ya sunkuyar da kai kamar ƙaramin yaro. Washegari da safe Mullo ya iso makaranta cikin doguwar rigarsa mai ratsi.

Bai taɓa riƙe bulala ba. Idan yaro ya yi kuskure, ba ya gyara masa da ƙarfi. Zai tako a hankali har bencinsa, ya sunkuya, ya raɗa masa daidai a kunne, yaron ya maimaita kamar shi ya tuno da kansa. Yakan ce magabata sun koyar cewa wanda ya kunyata mutum a bainar jama'a har fuskarsa ta koɗe, tamkar ya zubar da jininsa ne, tunda ga jinin nan ana ganinsa yana gudu daga fuskar. Mishoel ya ɗauki wannan ya mayar da shi dokar makaranta. Ba a karanta sakamakon jarrabawa a gaban aji, ba a tsayar da yaro a kusurwa, ba a laƙaba wa kowa daƙiƙi. Malaman da suka taso daga makarantar gwamnati suka yi ta gunaguni, wai yara za su hau kansu. Yara ba su hau ba.

A shekarun nan unguwa na ta zarewa. Wannan gida ya tafi Isra'ila, wancan ya tafi Amurka, kowane zango sai an fitar da wasu bencina an jingine a bango. Duk yaron da zai tafi, Mullo kan ɗora masa hannu a ka ya sa masa albarka, sa'an nan ya ce ya gaishe masa da malamin da zai same shi a can, ya gaya masa an riga an yi masa rabin aiki.

A farkon wani hunturu Mishoel ya fara lura da wasu abubuwa. Mullo na kiran yara da sunayen iyayensu. Ya koyar da darasi ranar Litinin, ranar Talata ya sake shi kamar sabo. Mishoel ya ce a ransa tsufa ne, kowa na yin haka. Har wata safiya yana wucewa ta ƙofar ajin, ya hangi Mullo a tsaye gaban allo, alli a hannunsa. Ya ja layi ɗaya, ya tsaya. Ya goge, ya sake ja, ya sake tsayawa. Harafin farko ne, wanda ya koya wa rabin mutanen unguwa, ya ƙi zuwa masa. Wani yaro a baya ya toshe baki da hannu, dariya ta kuɓuce masa, ta bazu daga benci zuwa benci. Mullo ya juyo yana murmushi, yana neman abin da ake wa dariya don shi ma ya taya.

Mishoel ya shiga, ya ce ana neman Mullo a ofis, an kawo shayi. Ya raka shi, ya zuba masa, ya dawo ajin ya rufe ƙofa. Yaran suka yi tsit, suna jiran faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin benci, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya ba su labarin allunan dutse da Annabi Musa ya sauko da su daga dutse, ya fasa na farko, aka sassaƙa wasu. Ya tambaye su ina aka kai fasassun. Wani ya ce an zubar, wani ya ce an binne. Ya ce musu a'a, a cikin akwatin alkawari aka ajiye su, kusa da lafiyayyun, aka yi ta ɗaukarsu tare duk inda aka je. Ya ce haka aka umarce mu mu yi da malamin da karatu ya kuɓuce masa ba da laifinsa ba.

Wata yarinya mai suna Bahmal, mai kitso biyu da bakin da ba ya hutawa, ta ɗaga hannu. Ta ce, "To Malam, in ya manta, mu raɗa masa a kunne?"

Mishoel ya dube ta. Kai kawai ya gyaɗa mata.

Haka aka ci hunturun nan. Idan harafi ya ɓace wa Mullo, sai Bahmal ko wani ya tashi kamar zai goge allo, ya yi ɗage, ya raɗa masa. Mullo ya ce yauwa, dama gwada su yake yi. Bayan an tashi cin abinci, Mishoel kan shiga ajin da sunan lissafi, ya sake musu darasin safe yadda yake daidai. Bai gaya wa dattawa ba, bai gaya wa iyaye ba. Ko Mazol, 'yar Mullo da ke kula da shi a gida, bai yi mata zancen ba, ita ma ba ta yi masa ba, sai dai in sun haɗu a bakin tanderun burodi kowa ya kau da ido. Yaran ma suka riƙe sirrin, abin da ya ba shi mamaki. Wani lokaci yakan tsaya a ƙofa yana kallonsu, ya ji a ransa cewa duk karatun da aka yi a makarantar babu wanda ya kai wannan.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, Bension mai aski ya zo ofis. Ɗansa Uriel ya kusa cika shekara goma sha uku, lokacin da yaro ke ɗaura madaurin addu'a a hannu da goshi, ya hau gaban jama'a ya yi karatu daga naɗaɗɗen littafin majami'a a karon farko. Takardunsu na tafiya sun fito, kuma Bension ya rantse sai an yi bikin a nan kafin su ɗaga. Naɗaɗɗen littafin ba shi da wasali ko alamar tsayawa, don haka yaro sai ya haddace rabonsa daga bakin malami, da muryarsa da karinsa.

Bension ya ce Mullo ne ya shirya shi, Mullo ne ya shirya ƙanensa, Mullo ne zai shirya ɗansa. Mishoel ya ce ai Mullo ya gaji, bari shi ya ɗauki yaron.

Bension ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce, "Kai? Da wannan muryar taka ta tsohuwar ƙofa? Ka bar wa mai abu abinsa, Malam. Kai ka tsaya a kan biyu sau biyu."

Nan ne ya kamata ya faɗi gaskiya, kuma ya sani. Amma shagon Bension shi ne inda kowane labarin unguwa ke kwana, kafin la'asar kowa zai ji. Bai faɗa ba. Ya lallashi kansa da cewa haruffa ne ke ɓace wa Mullo, amma karatun baka yana nan daram, don ya ji shi yana rera addu'o'i ba ko tuntuɓe. Uriel ya riƙa zuwa gidan Mullo kullum bayan makaranta. Sau ɗaya Mishoel ya tare shi a tsakar makaranta ya ce ya karanta masa. Yaron ya fara, murya fes, kari daidai, kai ka ce Mullo ne a ƙuruciyarsa. Ana cikin haka aka buga ƙararrawa, Mishoel ya dafa kafaɗarsa ya ce ya isa, madalla. Bai ji ƙarshen ba, kuma can ƙasan ransa ya san bai so ya ji ba.

Ranar Alhamis aka yi. Majami'a ta cika yadda ta daɗe ba ta cika ba, mata a sama sun riƙe alewar da za su watsa wa yaron. Mullo na zaune a wurinsa na gaba, ya sa rigar biki. Uriel ya hau, aka buɗe littafin, aka miƙa masa sandar azurfa da ake bin layi da ita. Ya fara da kyau, har tsofaffi na gyaɗa kai. Da ya kai tsakiya, sai bakinsa ya bar abin da ke ƙarƙashin sandar, ya faɗa wani wuri dabam da ke can gaba, labarin da ba na wannan makon ba. Mullo ya haɗe masa wurare biyu bai sani ba, yaron kuma ya haddace su a matsayin abu ɗaya.

A wurinmu ba a barin kuskure ya wuce a wannan karatun, dole a gyara a take. Dattawan da ke tsaye a gefensa suka faɗi daidai da ƙarfi, ba don mugunta ba. Uriel ya koma baya, ya sake, ya sake faɗawa wuri guda. Aka kuma gyarawa, yanzu har da na bayan sahu. Yaron ya dubi littafin, ya dubi ubansa. Mishoel na kallo jini ya bar fuskarsa, ta yi fari kamar takarda.

Uriel ya ce, "Haka Mullo ya koya mini."

Duk majami'ar ta juya. Mullo bai motsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi yaron, leɓunansa na bin karatun a hankali, yana neman inda aka rabu. Mishoel ya ga lokacin da ya gane. Tsohon ya sauke idonsa kan hannuwansa, bai ƙara ɗagowa ba. Wani dattijo ya karanta sauran, Uriel na binsa kalma-kalma kamar ɗan ajin farko. Mata suka watso alewa, yara suka tsince, amma babu wanda ya yi guɗa.

An yi walima a gidan Bension, an juye shinkafa da nama da karas a manyan faranta. Mullo bai je ba. Bension ya ja Mishoel bayan gida, kusa da akwatunan da aka riga aka ɗaure, ya tambaye shi ko ya sani. Mishoel ya ce ya sani. Bension bai ɗaga murya ba. Ya ce rana ɗaya ce yaro ke da ita irin wannan a duniya, kuma ita Uriel zai ɗauka ya tafi da ita daga garin kakanninsa. Ya ce da an gaya masa, shi da kansa zai rufa wa Mullo asiri, don shi ma ɗalibinsa ne. Daga nan ya koma wurin baƙinsa.

Washegari Mullo ya zo makaranta tun kafin yara, bai shiga aji ba, ya wuce ofis. Hankalinsa a ranar garau yake, kamar kunyar jiya ta wanke masa kai. Ya ƙi zama. Ya tambayi Mishoel tun yaushe. Mishoel ya ce tun farkon hunturu. Ya tambaya ko yaran sun sani. Ya ce sun sani, su ne ke raɗa masa.

Mullo ya ce, "Ni kuwa ina ta cewa wace irin yarinya ce wannan mai son goge allo." Ya ɗan yi murmushi, murmushin ya tafi. "Mishoel, wa ya ce maka fuskata ta fi ta yaron nan?"

"Kai... ku kuka koya mana kada a kunyata mutum, Mullo."

"Na koya muku. Na kuma koya muku cewa kuskuren da ya shiga kan yaro da wuya ya fita. Kai ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Da ka zo ka raɗa mini a kunne, da mu biyu kaɗai muka ji."

Mishoel ya ce ya ji tsoro ne. Mullo ya ce ya sani, tun yana ƙarami haka yake, ya gwammace ya sha wuya da ya faɗi magana mai nauyi. Bai faɗa da fushi ba, kuma wannan ya fi yi wa Mishoel ciwo. Daga nan Mullo ya ce ya raka shi gidan Bension.

Suka tafi a hankali ta lunguna, tsohon na dafe da hannunsa. A tsakar gida, gaban uwar yaron da ƙannensa, Mullo ya tsaya ya nemi gafarar Uriel. Ya ce laifin ba na yaron ba ne, ya haddace abin da aka ba shi ba ko ragi, kuma bai taɓa samun ɗalibi mai kunne irin nasa ba. Uriel ya kasa kallonsa. Da uwarsa ta zungure shi, ya ce ba komai, ya shige ɗaki. Mullo ya jira ko zai fito, bai fito ba. Cikin makon suka tashi. Mullo bai sake taka makaranta ba, Mishoel ya karɓi ajin ƙanana da kansa.

Kowace Juma'a da rana, kafin shigar Asabar, ranar hutunmu, Mishoel kan je gidan. Mazol na soya kifi da tafarnuwa, su kuma su zauna ƙarƙashin inabi. Da fari suna hira, Mullo na tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Daga baya tambayar ta zama ɗaya tak, ko yaron mai aski ya aiko da gaisuwa. Mishoel ya daina yi masa ƙarya, don haka yakan ce bai aiko ba tukuna. Sannu a hankali ita ma tambayar ta ɓace. Mazol ta rame, ta ce ba ta iya barinsa ko zuwa kasuwa. Yayanta da ke Isra'ila ya ce su taho, a can akwai likitoci, aka fara shiri.

Juma'ar ƙarshe Mishoel ya zo daga wani taro na hukumar ilimi, sanye da kwat, riƙe da jaka. Da ya shigo, Mullo ya miƙe zumbur, ya tura littafin addu'ar da ke cinyarsa ƙarƙashin matashi, ya zauna a kai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni marini ne. Dubi hannuna. Ba na koya wa kowa komai."

Mishoel ya ce, "Mullo, ni ne. Mishoel ne."

Tsohon ya girgiza kai da sauri. "Ban san wani yaro mai wannan sunan ba. Babu yaron da ke zuwa nan. Ku tafi da ni in kuna so."

Mazol ta fito daga kicin da cokali a hannu, ta tsaya. Mishoel ya ajiye jakar a ƙasa, ya cire kwat ɗin, ya ce shi ba daga ofis yake ba, yadi ya kawo a rina masa. Mullo ya saki jiki kaɗan, ya tambaye shi wane launi. Suka yi zancen shuni da yadda ake gane ya nuna, har rana ta karkata. Da zai tafi ya sunkuya ya sumbaci hannunsa, Mullo ya janye hannun da mamaki, ya ce baƙon nan akwai ladabi. Mishoel ya fita, ya bi lungu, da ya kai inda babu kowa ya jingina da bango ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa.

Sun tafi a lokacin kaka. Mullo bai yi shekara a can ba. Mazol ce ta bugo waya makaranta wata safiya, layin na ta yankewa, ta ce an binne shi jiya a wata maƙabarta kusa da teku, kuma mutanen Bukhara da yawa sun zo. Mishoel ya so ya tambaya ko Uriel na cikinsu, bai tambaya ba. Ya ajiye wayar, ya kama wuyan rigarsa ya yaga, kamar yadda ɗalibi ke yi wa malamin da ya buɗe masa ido.

Ya shiga ajin ƙanana a haka. Bahmal da 'yan ajinta sun wuce gaba, wasunsu ma sun bar gari. Waɗanda ke zaune sabbi ne, ba su cika benci biyu ba. Suka ƙura wa yagaggiyar rigar ido. Ya gaya musu Mullo ya rasu, za su tsaya su yi masa addu'a. Suka miƙe, suka yi, suka ce amin. Da suka zauna, wani ɗan ƙaramin yaro da ke gefen taga ya tambaya wane Mullo ne.

Mishoel ya juya gare shi. Ya ce wani malami ne da ya koyar a wannan ajin, zai ba su labarinsa wata rana. Yaron ya gamsu, ya koma kallon waje. Mishoel ya ce su buɗe inda aka tsaya jiya, suka buɗe, ya yi darasin har aka buga ƙararrawa.